Lambar Yabo Ta Huɗu

Shafi na 17

Masu tashina da saƙon "Fiorenza, ina ci gaba?" tun kafin in ɗora kofi a wuta, na gan ku. Sau nawa ina fara wannan shafin ina gogewa. Ita kuma baiwar Allahn da ta ce na cika jan rai, ta zo ta rubuta labarin nata uban mu gani ko hannunta ba zai yi rawa ba.

Kun tuna inda muka tsaya. Magajin garinmu, Gherardo, ya shirya bikin karrama mutum huɗu daga 'Yan Jinƙai, ƙungiyar agaji ta cocinmu, waɗanda suka tono mutane ranar da tudu ya zaftare wa Pianfosco, shekara arba'in da wani abu ke nan. Ni aka ba aikin wanke tsofaffin baƙaƙen rigunansu in goge. Lambar yabo huɗu ya sa aka ƙero. Ni kuwa riga uku na tarar a ɗakin ajiyar coci, ƙusa ta huɗu ba komai a kanta sai tsatsa.

Ranar Lahadin bikin, da safe, na faɗa gidan burodin Kawu Duilio ko gaisuwa ban yi ba.

"Ina riga ta huɗu?"

Bai ɗago daga kwaɓin da yake yi ba.

"'Yar Argia ke nan. An kwana lafiya? Ni ma lafiya lau, na gode da kika tambaya."

"Kawu, riga uku na wanke. Kai, Nedo, Brunero. Wane ne na huɗun?"

"Je ki tambayi Gherardo, ai shi ya ƙirga."

"Gherardo ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin. A tsohon hoto ya gan ku, ku huɗu a bakin taɓo."

"To ya rataya wa hoton mana." Ya buga kwaɓin a kan katako. "Yaron nan tun da aka saya masa lasifika kunnen kowa bai huta ba. Mu muka roƙe shi? Tun kakannin kakanninmu, wanda ya sa buffa, baƙar hular nan mai ramukan ido, ya rufe fuskarsa ba shi da suna. Kofin ruwa ake miƙa masa, a ce Allah ya ba da lada, kowa ya kama gabansa. Yau kuma ƙarfe za a rataya mana a wuya kamar tumakin Brunero."

"Amma ai kun yarda."

"Mu namu wa bai sani ba? Nedo ɗingishinsa ya tona shi, Brunero tarinsa. Ni kuwa tumbin nan ko buhu aka kifa mini sai an gane ni."

"Na huɗun fa?"

Ya juya kwaɓin ya ci gaba da murzawa.

"Shi ne ya ciro ni, ko?"

Hannunsa ya tsaya cak a cikin kwaɓin.

Ku da kuka biyo ni tun farko kun san abin da nake gani duk daren da aka yi ruwa. Ina ƙarama a ƙarƙashin teburin kicin, taɓo ya kawo mini ƙirji. Wani baƙin hannu ya shigo ta inda taga take. Idanu biyu ta cikin ramukan hula. Warin hayaƙin kastanya, 'ya'yan itacen da muke busarwa a kan wuta, a jikin rigar. A bayana kuma ƙanena Lando yana kiran sunana, bai ma iya faɗinsa daidai ba. Aka fizgo ni. Rufin ya zauna. Lando bai sake kira ba.

Babana Osvaldo kuwa an ce yana bukkar da ake shanya kastanya a kan tudu, ƙasa ta tafi da shi har bukkar. Ba a ga gawarsa ba, ba a ga ta Lando ba. Sunayensu biyu suna nan a jikin dutsen ƙofar coci, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

Ban taɓa neman komai a garin nan ba. Abu ɗaya nake so kafin in mutu, in ga fuskar da ke bayan idanun nan.

"Na ɗora hannu a kan littafi mai tsarki, Fiorenza," in ji Kawu Duilio a hankali. "Ko Fadan coci bai isa ya sa in faɗi wanda ke cikin riga ba."

"To bar rigar. Burodin da kake hawa tudu da shi duk kaka fa?"

"Na tsuntsaye ne."

"Tsuntsayen da ke cin cuku? Har da kwalbar giya?"

"Tsuntsayen Pianfosco 'yan gayu ne."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Haɓarsa ta kama rawa. Tsoho mai shekara tamanin, wanda ya ɗauki gawar rabin garin nan a kafaɗarsa ban taɓa ganin ya ƙifta ido ba.

"Bana ba su ci ba," ya ce. "Tun da dusar ƙanƙara ta sauka..."

Sai ya haɗiye sauran.

"Tun da ta sauka me?"

"Je ki wurin uwarki. Nawa bakin a ɗaure yake. Nata ba wanda ya ɗaure shi sai ita."

Na fito. Rana ta fito tarwai, ba ko gajimare, amma ni sanyi nake ji. Na ɗaga kai na kalli tudun, inda har yau itace bai yarda ya tsiro ba, jan tabo tun daga sama har bayan gidajenmu.

Wane yaro ne a garin nan ba a tsorata shi da Baƙin Tudu ba? In hazo ya sauka da kaka, a ce ga shi can da fartanya yana tono. Mu da kanmu mun tsorata 'ya'yanmu da shi don su daina hawa. Ni sau ɗaya na gan shi da idona, ina budurwa, ina shanya kaya da hantsi. Yana tsaye a tsakiyar jan tabon, baƙi wuluk, yana fuskantar gidanmu. Na ƙwalla wa Mama kira. Ta zo, ko kallon wajen ba ta yi ba, ta ja taga ta rufe.

Sai a ranar, a kan hanya, na tambayi kaina: yaya aka yi ta san inda ba za ta kalla ba?

Na tarar da ita ta riga ta shirya, tana zaune a bakin gado cikin baƙar rigarta ta coci, jaka a kan cinya.

"Sai yanzu? Gashin nan naki kamar wadda ta yi dambe da kaji. Haka za ki tsaya a gaban mutane?"

"Mama, wa ya ciro ni?"

"'Yan Jinƙai."

"Wanne daga ciki?"

"Ina zan sani? Don me ake rufe musu fuska?"

"Kawu Duilio ya ce in tambaye ki."

"Duilio ya tsufa, gari ya toshe masa ƙwaƙwalwa. Miƙo mini sandata."

Ban miƙa ba. Na ɗauke sandar ma na ajiye a bayan ƙofa. Allah ya yafe mini, ban taɓa yi mata haka ba.

"Ba inda za mu."

"Ke! Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Ke kika haife ni. Wani kuma ya sake ciro ni daga cikin ƙasa. Shekara arba'in ina ganin idonsa, Mama. Na yi aure da idon nan, na haihu da shi, mijina ya gaji da ihuna cikin barci ya koma ɗakin baƙi. Yau za a kira shi a gaban gari. In kin san shi kika bar ni haka..."

Ta kalli hannayenta. 

"Zauna," ta ce. "Tsayuwarki tana sa mini jiri."

Na zauna a ƙasa, a gabanta.

"Kin san abin da suke ɗaurawa a ƙafa, baƙin ƙyallen nan da ke rufe takalmi?"

"Na sani. Jiya na goge su."

"Don me ake sa shi?"

"Don kar a gane mutum ta takalminsa."

"To shi ya manta."

Na matso kusa da ita.

"Da safen ranar igiyar takalminsa ta hagu ta tsinke. Yana sauri zai hau bukka. Na zare jan zaren da ake ɗinke buhun gari da shi, na durƙusa na ɗaure masa da hannuna. Har yana tsokanata wai na mayar da shi ɗan rawa." Ta goge bakinta. "Da ƙasa ta fara zubowa a unguwar ƙasa aka buga ƙararrawa. Ni ina wurin wanki. Shi ya baro bukkar da gudu, ya shiga coci ya zura riga. Ba wanda ya ga shigarsa sai su Duilio. Suna can suna tono sai zubowa ta biyu ta zo. Ta kwashe bukkar. Ta hau gidanmu."

"Mama..."

"Ki yi shiru, ke kika ce in faɗa. Ina tsaye a matakalar coci, mata sun rirriƙe ni. Sai ga wani cikin riga ya fito daga taɓo ɗauke da ke. Ya ɗora mini ke a hannu. Na sunkuya zan gode masa. Sai na ga jan zaren."

Na kama ƙafar gadon.

"Baba ne?"

"Ubanki ne."

"Baba... bai mutu a bukka ba?"

"Da ya mutu a bukka da ya fi masa sauƙi. Da ya fi mini." Muryarta ba ta rawa ko kaɗan, wannan ne ya fi ba ni tsoro. "Na ce masa, ina Lando? Bai amsa ba. Mai riga ba ya magana, kin sani. Na sake cewa, ina ɗana? Ya buɗe hannayensa haka, ya nuna mini babu komai. Wata mata ta miƙo kofin ruwa in ba shi. Na buge kofin ya faɗi."

"Me kika ce masa?"

"A kunne na faɗa masa, ba wanda ya ji. Na ce, Osvaldo, na gane ka. Biyu ka bari a gida, ɗaya ka kawo. Kar ka cire hular nan a gabana, kar in sake ganin fuskarka, sai ka kawo mini Lando."

Ta gyara jakar a kan cinyarta.

"Cikin zafin rai na faɗa. Wace uwa ce ba za ta faɗa ba? Na ɗauka da yamma zai shigo, in zage shi, mu yi kuka tare. Ya juya ya koma cikin taɓon. Sojoji suka zo da injina suka yi iya yinsu suka tafi, shi yana nan. Da sanyi ya kore shi ya tsallaka bayan dutse, an ce wurin masu fasa marmara yake aiki. Duk kaka, in ruwa ya tausasa ƙasa, sai ya dawo da fartanya."

"Kika bari aka sassaƙa sunansa a cikin matattu?"

"Mutane suka ce ya mutu a bukka. Su Duilio rantsuwa ta hana su cewa a'a. Ni kuma in ce me? In tsaya a gaban gari in ce ni na kori mutumin da ya tono 'ya'yansu?"

"Da kin hau kin kira shi!"

"Na hau."

"Yaushe?"

"Kina makaranta. Na hau da ƙafata har wurin. Na ce, Osvaldo, ya isa, na janye, taho gida. Ya tsaya ya dube ni ta ramukan nan. Ya sake buɗe mini hannayensa, babu komai. Ya ci gaba da tono." Sai a nan hawaye ya zubo mata, guda ɗaya, ta share shi da fushi. "Kin san taurin kan gidan ubanki. Ni na janye, shi bai janye wa kansa ba."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Na ji haushinta har ban so kallonta ba, na kuma ji tausayinta har na rasa inda zan sa kaina. Duk ranar tunawa da matattu ina kai wa dutsen nan furanni, ashe mai sunan yana bayan gidanmu yana kallona ina shanya kaya.

"Ni ya zaɓa," na ce. "Don me ni?"

"Ke ce kusa da taga, sakarya. Ba zaɓe ba ne. Da na gane haka a ranar..." Ta miƙo hannu. "Sandata. In za a rataya wa ƙusa lamba, ina so in gani da idona."

Zauren ƙungiyar 'Yan Jinƙai ya cika maƙil. An jera tebura da wainar kastanya da kwalabe, 'yan makaranta sun manna furannin takarda a bango. Gherardo ya sha ɗamararsa ta magajin gari mai launi uku, yana ta bubbuga lasifika yana cewa ana ji, ana ji, alhali har kurma ya ji.

Tsofaffin uku suna zaune a gaba cikin rigunan da na goge, hulunan a sake a bayan wuya. Kujera ta huɗu ba kowa. Ni aka tsayar kusa da su, a gefen teburin da aka ajiye tulun ruwa da kofuna.

Gherardo ya yi dogon jawabi a kan sadaukarwa. Ya sa aka yi shiru don waɗanda ƙasa ta rufe, ya ambace su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan Osvaldo da Lando ya rusuna wa Mama. Ita ko gezau.

Aka rataya wa Nedo, ya ɗingisa ya koma. Aka rataya wa Brunero, tari ya sarƙe shi, mutane suka yi dariya suka tafa. Aka zo kan Kawu Duilio, igiyar ta ƙi wuce kansa.

"Ka ga ko ƙarfen ya san doka," ya ce wa Gherardo. Zauren ya sake fashewa da dariya.

Sai Gherardo ya ɗaga ta huɗu.

"Akwai gwarzo na huɗu. Na tambayi iyayen nan namu har na gaji, sun ƙi faɗa. To in yana cikin zauren nan, ko ɗansa, ko jikansa, don Allah ya taso. Pianfosco ba ta manta ba."

Mutane suna waige-waige. Wani ya ce ƙila ɗan wani gari ne. Gherardo ya yi murmushi zai mayar da lambar cikin akwatinta.

Ni na fara jin warin.

Hayaƙin kastanya. Da jiƙaƙƙiyar ƙasa. A ranar da ko ɗigon ruwa bai sauka ba.

Ƙofar baya ta buɗe.

Yana tsaye a bakinta, baƙi tun daga sama har ƙasa, buffa a rufe. Rigar ta koɗe, gefenta ya yage, jan taɓo ya kama ta har gwiwa. A hannayensa yana rungume da wani ɗan ƙunshi cikin tsohon buhun gari. Ƙarami ne. Bai kai girman burodin biki ba.

Wata yarinya ta ce, "Mama, Baƙin Tudu!" Aka toshe mata baki.

Ya fara tahowa ta tsakiyar kujeru. Mutane suna janye ƙafafunsu. Duk inda ya taka sai ya bar danshi a kan daɓen.

Tsofaffin uku suka miƙe tare, ba wanda ya ce da su komai. Suka kai hannu bayan wuya, suka jawo hulunansu suka rufe fuska. Lambobin suna reto a kan baƙaƙen ƙirji.

Gherardo ya buɗe baki a gaban lasifika, karo na farko a rayuwarsa ba abin da ya fito.

Mai rigar bai kalli lambar ba. Ya wuce ta. Ya zo gaban Mama ya tsaya.

Na sauke idona ƙasa. Ban so ba, amma na sauke.

Takalmin hagu. Jan zare.

Ya durƙusa a hankali, ya ɗora mata ƙunshin a kan cinya. Bakin buhun ya ɗan buɗe. Na hango ɗan takalmin yaro, ƙafa ɗaya, fatar ta yi baƙi ta ƙandare. Na san shi. Nawa ne kafin ya matse ni a ba Lando.

Mama ta ɗora tafin hannunta a kan buhun, tana shafa shi kamar yadda ake shafa bayan yaro mai barci.

"Fiorenza," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ruwa."

Na zuba, rabi a kofi rabi a kan tebur. Ta karɓa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Allah ya ba da lada," ta ce. Sai muryarta ta karye. "Ka kawo shi. Ya isa. Cire hular nan, Osvaldo, 'yarka tana so ta gan ka."

Zauren ya ɗauki ihu da kiran sunan Allah. Na yi taku ɗaya zuwa wurinsa. Ubana. Ga shi nan, in na miƙa hannu zan taɓa shi.

Sai aka damƙe mini wuyan hannu ta baya, da ƙarfi har na ji zafi. Kawu Duilio ne. Hannunsa sanyi ƙalau. Ya kawo rufaffiyar fuskarsa saitin kunnena, mutumin da bai taɓa magana da buffa a rufe ba.

"Kar ki matsa."

"Sake ni, Kawu! Babana ne!"

"Ɗazu ban ƙarasa miki ba." Ya ƙara matse hannuna. "Da dusar ƙanƙara ta narke na hau da burodi. Na same shi kwance a bakin ramin, fartanya a hannunsa. Mu ukun nan muka binne shi, Fiorenza. Da rigarsa. Da takalmansa."

Na juya.

Mai rigar ya ajiye kofin a ƙasa, ba komai a cikinsa.

Ya juyo da ramukan idon nan kaina. Ya kai hannu biyu ya kama bakin hular, ya fara ɗagawa.